Lambar Shuɗiyar Mota

"Ustaz Auni, ka manta da lambar nan," in ji Abu Rami mai maɗaba'a, yana dangwala yatsa a fuskar kwamfuta. "Duk sauran ka rufe, wannan kuwa ga ta ɓaro-ɓaro a bangon mujalla."

Auni ya gyara tabarau ya leƙa, kamar yau ya fara ganin hoton. Shuɗiyar mota ce 'yar Jamus mai kujera biyu, tana shan kwana a gangaren hanyar Tekun Gishiri. Nayif, shugaban ƙungiya, yana riƙe da sitiyari yana washe baki. A goshin motar ga lambar nan fes, ko daga tsallaken titi za a karanta.

"Ban manta ba. Buga."

"Tun da kake kawo min aiki ban taɓa ganin lamba a buɗe a mujallar nan ba."

"To yau ka gani. Ka fitar min da kwafi guda yanzu, sauran ka dakata sai na kira ka."

Abu Rami ya taɓe baki ya danna. Shi dai a biya shi.

Ƙa'idar rufe lamba ta girmi shugabancin Nayif, kuma Auni ne ya kafa ta da hannunsa. Ƙungiyar masoya motocin gudu ta Amman da Balka ba ta da ofis, ba ta da ma'aikaci. Abin da ta mallaka duka biyu ne: fitar ayari kowace safiyar Juma'a, da 'yar mujallarta ta wata-wata mai suna Totur. Auni, mai kantin magani a Jabal Husain, shi ne marubucinta, shi ne mai hoto, shi ne mai gyara. Kowace lamba sai ya shafe ta kafin a buga, domin wani 'yan sandan hanya yake tsoro, wani kamfanin inshora, wani kuma mahaifinsa da ke zaton kuɗin suna cikin kasuwa. Manya ne masu furfura da tumbi, amma kusan kowannensu yana da wanda yake ɓoye wa abin wasansa.

Na Nayif kuwa ya fi na kowa, kuma shi da bakinsa yake ba da labarin a wurin shan shisha, ana ƙyaƙyatawa. Can baya ya taɓa kifar da motar, a lokacin tana ja, ƙaramar 'yarsa na ciki. "Yarinya ta ɗan ji ciwo a ƙafa," haka yake faɗa, ya wuce. Matarsa ta tada hankali, shi kuma ya rantse da saki a gaban yayanta cewa ba zai ƙara hawa jar motar nan ba. Ya ce ya sayar. Sai ya kai ta garejin wani aboki a Bayadir, aka gyara, aka fesa mata shuɗin fenti. "Ja na ce, jama'a. Ku duba da kyau, akwai ja a nan?" Fenti ya canza, lamba tana nan yadda take, sai dai a mujalla ba wanda ya taɓa ganin ta.

Auni ma ya yi dariyar nan tare da su. Har Juma'ar da ta wuce.

Dokar ayari ɗaya ce, ko sabon shiga ya san ta. Motar ƙarshe ana kiran ta tsintsiya. Duk wanda motarsa ta lalace, tsintsiya ta tsaya masa, ta sanar ta oba-oba, ayari duka ya dakata. A hawan dawowa daga kwarin Ghor, tsohuwar motar Auni 'yar Italiya, wadda ta girmi wasu 'yan ƙungiyar, ta yi zafi, lagireto ya fashe. Tsintsiya ta tsaya. Sai ga muryar Nayif a oba-oba, kowa na ji:

"Ku bar shi ya shayar da kakarsa ruwa. Shinkafar mansaf na hucewa!"

Mai tsintsiyar ya sunkuyar da kai, ya ajiye masa gorar ruwa, ya ja mota. Auni ya tsaya a gefen kwalta rana na dukan tsakar kansa, manyan motocin kaya na wucewa suna yi masa oda, har janwe ya zo bayan an sauko daga masallaci. Shi da ya haɗa ayarin farko da motoci huɗu, tun Nayif yana hawa motar babansa ta ɗaukar tayil! Bai faɗa wa kowa ba, amma a cikin motar janwen sai da hawaye ya zubo masa, kuma wannan ne abin da ba zai yafe ba.

Yana fitowa daga maɗaba'a da ambulan a hammata wayarsa ta yi ƙara. Nayif ne, yana kiransa da alkunyarsa.

"Abu Tarik! Ya jikin kaka? Ta farfaɗo ko mu zo gaisuwa?"

"Tana samun sauƙi."

"Ka ga hoton da na turo maka, tana kan janwe kamar amarya? Shi nake so a shafin Kunkurun Wata. Kar ka ce za ka ɓoye, kai ka ƙirƙiro shafin, yau ya faɗo kanka."

"Na sa shi, shugaba."

"Bango fa?"

"Kai ne a bango."

"Allah ya ja kwananka! Ina shago har la'asar, ka biyo in gani. Ka zo a tasi, don Allah, kar mu kwana muna jira."

Auni ya kashe waya ya yi ƙwafa. A tasi ɗin kuwa ya tafi, amma ba shago ya nufa ba. Ya ce wa direba Khalda, unguwar da gidan Nayif yake.

Duk tsawon cunkoson titin Makka yana lissafa abinsa, yana jin daɗi har cikin ƙashi. Ummu Zaid, matar Nayif, za ta ga lambar, ta gane. Gida zai ɗauki zafi sati ɗaya ko biyu. Za ta sa shi ya sayar da motar, na gaske wannan karon, kuma tsarin ƙungiya ya ce wanda ba shi da mota ba ya shugabanci. Shi ke nan, Nayif ya koma motar kai yara makaranta, ya riƙa jin labarin ayari a bakin mutane. Rantsuwar sakin ba ta dami Auni ba ko kaɗan. Mazan garin nan a kan wa zai biya kuɗin abinci ma rantsewa suke da saki, kowa ya koma gida ya tarar da matarsa tana yanka tumatir.

Ya danna ƙararrawar gidan. Shiru. Ya sake dannawa, har ya fara ƙosawa, sai ya jiyo wani sauti daga ciki: ƙwas, sai jan abu a ƙasa, ƙwas, sai jan abu. Ƙofa ta buɗe. Yarinya ce 'yar kimanin shekara sha uku, da sanda a ƙarƙashin hammata, ƙafarta ta hagu siririya a cikin ƙarafa tun daga gwiwa har takalmi.

"Yi haƙuri, Baffa, na sa ka jira. Ban da sauri ne." Ta yi murmushi, sak murmushin ubanta. "Abokin Baba ne? Shigo. Mama, an yi baƙo!"

Wannan ce Rand, wadda ta ɗan ji ciwo a ƙafa. Auni ya bi bayanta zuwa falo yana rage taku don kar ya wuce ta. Ya zauna a bakin kujera, ya tura ambulan ɗin ƙarƙashin cinyarsa.

Ummu Zaid ta fito tana gyara mayafi. Doguwar mace ce, ba ta da yawan fara'a, malamar makaranta da ta saba a yi shiru in ta shigo. Suka gaisa, ta tambayi matarsa Ummu Tarik da yara, ta ce wa Rand ta ɗora gahawa. Yarinyar ta juya, ƙwas, ƙwas, har ta shige kicin.

"Abu Zaid yana shago," in ji ta.

"Af, haka ne! Kaina ne ya ɗauki zafi. Bari in same shi can." Ya yunƙura zai tashi.

"Me ke ƙarƙashinka, Abu Tarik?"

"Ba komai, 'yar mujallarmu ce. Tasa ce."

"Mujallarku shago ake kai masa, ba ta taɓa tako gidan nan ba. Yau ka ɗauko ta har falona a lokacin da ka san ba ya nan. To ni ka kawo wa." Ta miƙa hannu, ba ta janye ba.

Ya ba ta. Me zai yi?

Ta zaro mujallar, ta ɗaga ta wajen hasken taga. Ba ta kalli fuskar mijinta ba, goshin motar ta kalla. Ya ga leɓɓanta suna motsi, tana karanta lambar ɗaya bayan ɗaya. Ya jira ihu, ko kuka, ko ta jefa masa abin a fuska. Sai ta zauna a hankali, ta ɗora mujallar a cinya, ta shafe ta da tafin hannu kamar mai gyara rigar da aka goge.

"Alhamdu lillahi," ta ce.

"Ummu Zaid, ki saurare ni. Saɓani ne muka samu da shi, raina ya ɓaci, shi ya sa…"

"Kana zaton ban san yana hawa ba? Mutum ya fita Juma'a da sassafe a motar gida, ya dawo yana warin taya da fetur, fuskarsa kamar ta ango. Na tambaye shi, ya ce wata ce daban, shuɗiya, ta aboki ce. Na ce ita ce. Ya ce kishin mota ya taɓa min kai. A gaban yayana ya faɗa, har yayana ya ce in ji tsoron Allah in daina zargin mijina." Ta buga yatsa a kan bangon. "Kowane wata sai na je shagonsa, in ce na zo duba shi, in buɗe aljihun tebur in ɗauki mujallar nan. Shafi-shafi nake bi. Ga motar, ga shi a ciki, wurin lamba an shafa fari. Kowane wata. Na sha tambayar kaina, wane mara imani ne yake zama ya yi wannan aikin da kyau haka? Sai na duba ciki na ga sunanka."

Auni ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya zo ne a matsayin wanda aka zalunta, kuma har ya sauka daga tasi bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai mai ƙullace da shi a gidan nan ba.

"Ƙa'ida ce, kowa ake rufe wa," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kuma rantsuwar nan, ai kin san maza, magana ce ta baki…"

"Ta baki? A ƙofar ɗakin tiyata ya yi ta. Likita ya fito yana cewa bai sani ba ko za a bar mata ƙafar. Ya durƙusa yana kuka, ya kama hannun yayana, ya ce in ya ƙara zama a motar nan na saku. Ba wanda ya tambaye shi launi a ranar." Ta numfasa. "Kuma igiya ɗaya ce ta rage tsakanina da shi, Abu Tarik. Wannan bai faɗa muku ba a wurin shisha?"

Nayif bai taɓa faɗa ba. Auni ya miƙe tsaye.

"Kwafi ɗaya ne tak, wallahi. Ba a buga sauran ba. Ki ba ni in yaga, in rufe lambar, kamar ba a yi ba. Ni motar kawai nake so ya rasa, da kujerar. Ban zo don gidanki ba."

"Ni kuma ɗayan nan ya ishe ni."

"Ki tambayi malamai tukuna. Wataƙila a ce bai auku ba."

"Su faɗi nasu. Ni na ji da kunnena, yau kuma na gani da idona."

Ta ɗauki waya daga kan tebur, ta lalubo lamba ba tare da gaggawa ba.

"Yaya? Ka zo gida yanzu, ka taho da Kawu. A'a, lafiyarta ƙalau. Abin da ka ce in kawo hujja, na samu. Akwai shaida ma a zaune, shi ya ɗauki hoton da hannunsa." Ta ajiye, ta dubi Auni. "Zauna. Ba a fita gidan nan ba a sha gahawa ba."

Ya zauna. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya san ko wane ne, ya bar ta tana yi har ta gaji.

Ƙwas, ƙwas. Rand ta fito tana tura ɗan tebur mai taya da hannu ɗaya, kofuna na kaɗawa a kai. Ta tsaya kusa da uwarta, idonta ya faɗa kan mujallar, fuskarta ta washe.

"Lah, Baba ne! Kai, ya yi kyau a nan. Na daɗe ban ga yana dariya haka ba." Ta juyo wajen Auni da kofi a hannu. "Baffa, kai ka ɗauka?"

"Ni ne," in ji Auni, ya karɓi kofin da hannu biyu.