Ranar Godiyar Magatakarda

Shekara talatin da ɗaya Magatakarda ya yi yana riƙe da littafin kwamitin cocinsu, kuma a cikin dokokin da aka zartar a zamaninsa babu wadda yake tinƙaho da ita kamar ta godiya. Shi ya kawo ta, shi ya rubuta ta da hannunsa: duk iyalin da suka fito gaban bagadi domin godiya, wajibi ne shugaban gidan ya ambaci abin da Allah ya yi musu. Ba a godiya a dunƙule. Akwai shekarar da Tela ya fito ya ce ya gode "domin komai da komai", sai Magatakarda ya miƙe daga bencinsa ya ce, "Magabata ba haka suka yi ba. Faɗi abin." Sai da Tela ya yi sharkaf da gumi kafin ya furta cewa matarsa ce ta dawo daga yaji. Jama'a sun yi dariya sun manta, amma banda Tela.

A bana Magatakarda ya yi wata biyu a gadon asibiti, aka yi masa aiki a ciki, aka sallame shi. Iyalinsa suka yanke shawarar haɗa godiyar samun lafiyarsa da baftismar jikansa, ɗan 'yarsa Auta, wanda aka mayar wa sunansa ake ce masa Takwara. Ranar Alhamis ya koma asibiti shi kaɗai karɓar sakamakon gwaji. Likita ya tura ƙofa ya rufe, ya cire tabarau, sannan ya gaya masa cewa ciwon ya kai hanta, kuma maganar watanni ake yi, ba shekaru ba. Ya ninke takardar huɗu ya sa a aljihun ciki na kwat ɗinsa, bai gaya wa kowa ba.

Da safiyar Lahadi ya tarar da Uwargida a falo tana goge masa farar riga, Takwara yana kwance kan kujera yana wutsil-wutsil da ƙafafu.

"Uwargida, da za a yi baftismar kawai, a ɗaga godiyar zuwa wani lokaci."

"A ɗaga? Lahadi uku ana sanarwa! Ba kai ka hana ƙaninka ɗaga tasa ba, ka ce abin da aka sanar a gaban bagadi ba ya komawa baya?" Ta duƙa kan jaririn tana masa wasa. "Angona, ka ji tsohon nan? Ya warke ya hana ka gadona, yanzu kuma kunya yake ji."

Auta ta leƙo daga ɗaki da ɗankwali a hannu. "Baba, don Allah kada ka yi dogon jawabi. Angon Mama ba ya jure yunwa."

Ya buɗe baki, ya ga yadda fuskar Uwargida ta cika ta yi haske bayan ramar jinya, sai ya karɓi rigarsa ya sa.

Coci ya cika har bakin taga. Fada ya karɓi Takwara, ya zuba masa ruwa a ka sau uku, yaron ya callara kuka, mata suka yi murmushi. Duk wannan Magatakarda yana gani ne kamar daga bayan gilashi. Abin da yake ji kawai shi ne gefen takardar nan yana tokare masa ƙirji duk lokacin da ya ja numfashi.

Aka kira iyalinsa. Suka taka zuwa gaban bagadi, mawaƙa na rakiya. Wanda yake miƙa makirufo a ranar kuwa Tela ne, domin shi ne yanzu shugaban masu tsara zama.

Magatakarda ya gyara murya. Kwana uku yana auna kalmomin nan, babu ƙarya ko ɗaya a cikinsu. "Muna gode wa Allah domin Takwara, wanda aka karɓa yau cikin ikkilisiya. Muna kuma gode masa domin dukan alherinsa a kan gidanmu."

Ya miƙa makirufo, Tela ya ƙi karɓa. Ya harɗe hannuwa a baya, ya ɗan rusuna cikin ladabin da ya fi zagi ciwo.

"Ranka ya daɗe, ai ba a godiya a dunƙule. Wani babban mutum ne ya koya mana. Faɗi abin."

Dariya ta tashi daga bencin dattawa ta bazu har baya, Fada ma ya sunkuyar da kai yana murmushi. Babu mai mugun nufi. Kowa ya ɗauka amsar a bakinsa take. Uwargida ta dafa masa gwiwar hannu, idanunta sun riga sun ciko da hawayen murna, tana jiran kalmar da ta yi wata biyu tana roƙo a kan tabarmar asibiti. Gaba bagadi, baya jama'a, dama Tela, hagu ita.

"Na gode wa Allah," in ji shi, "domin ya warkar da ni."

Coci ya ɗauki tafi da sowa. Aka rungume shi, aka girgiza masa hannu, ya koma bencinsa ya zauna kamar wanda aka ɗora wa buhun gishiri.

Sai lokacin Jibin Ubangiji ya yi. A nan akwai wata doka da ta girmi littafinsa, wadda mahaifinsa ya koya masa tun yana ƙarami: bakin da ya yi ƙarya bai tuba ba, ba ya karɓar gurasar. Shekara arba'in shi ne na farko a layi daga bencin nan, kuma babu mai tashi sai ya tashi. Tela ya zo ya yi musu alama da hannu. Uwargida ta miƙe ta fita tsakanin benci, ta tsaya tana jiransa. Mutanen bencin suka zuba masa ido. Mawaƙa suka ƙare baiti suka sake ɗauko shi daga farko, Magatakarda bai motsa ba.

Ta dawo ta zauna kusa da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Jiri ne?"

"A'a."

"Ɗinkin ne yake ja?"

Ya girgiza kai. Ta dube shi, ta dubi bagadi, ta sake dubansa. Ba yau ta san mutumin nan ba, ta kuma san abu ɗaya ne tak zai zaunar da shi a irin wannan lokaci.

"Baban Auta," ta ce, "me likita ya ce maka ranar Alhamis?"

Ya sa hannu a aljihu ya zaro takardar ya ɗora mata a cinya. Ba ta zo da tabarau ba, ba ta kuma buɗe ta ba. Ta dafe ta da tafin hannu, ɗaya hannun ta kama nasa ta riƙe. Tela ya ɗan jima a tsaye, murmushinsa ya gushe, sannan ya tsallake su ya yi wa bencin baya alama su taso.