Ɓaunar Luka

Ni Pothen, ruwa bai ci ni ba, fenti bai taɓa gagarata ba. Ban san baƙi ba, amma duk yankinmu na Kuttanad babu mai hannuna.

Da ambaliya ta janye, bangon cocinmu ya wanke tas. Halittun nan huɗu na marubuta Bishara da ke zane a jikinsa sun tafi: mutumin Matiyu, zakin Markus, bijimin Luka, gaggafar Yohanna. Limaminmu, Achan Idiculla, ya so ya sayo na takarda daga birnin Kottayam ya manna. Na ce sai bayan raina. Ya ce in zana, amma in Bishof ya zo bikin coci ya ƙi su, farar ƙasa za a shafe su da ita.

Na zana uku. A wurin bijimi kuwa na sa Karumbi, baƙar ɓaunata ta noma, wadda na riƙe wutsiyarta ta fitar da ni daga ruwan.

Matata Aleyamma ta kawo mini rogo da kifi, ta ɗaga kai. "Kai tsoho, ɓauna a bagade? Saura ka zana agwaginka."

Ranar biki Bishof ya tsaya gaban bangon, Achan sai share gumi yake.

Bishof ya kira ni yadda ake kiran tsoho a wajenmu: "Appachan, ka san abin da ya haɗa Luka da bijimi?"

Na amsa da lakabinsa na girma: "Thirumeni, kakana ya ce Luka ya fara labarinsa da Zakariya a wurin hadaya, inda ake yanka bijimai. Bijimi kuwa ɗaukar kayan wani ne aikinsa. Wannan ɓaunar ni ta ɗauka, ni da tukunyar shinkafa."

Bishof ya yi dariya har gemunsa na rawa. Ya ce annabi Ezekiyel ne ya fara ganin halittun, iyayen coci na farko kuma sun daɗe suna gardama kan rabon su, wani ya ba Yohanna zaki, wani ya ba Matiyu.

"Su ma ba su shirya ba, sai ni zan yi faɗa da ɓauna? Ta zauna. Amma wannan zakin naka fa, wa ya ce maka zaki yana da ratsi-ratsi?"

"Thirumeni, ka taɓa ganin zaki?"

"A hoto."

"To ni damisar dajinmu mai ratsi na gani, ido da ido."

Ratsin na goge, don girman rawaninsa. Bangon yana nan, har daga ƙauyukan ƙetaren kogi ake shigo kwalekwale a zo kallo.