Abin Rufe Kabarin Dakta

Abdulgani tela yana tsakiyar ɗinkin wuyan wata babbar riga wayarsa ta yi ƙara. Malam Ibrahim ne, abokin aikin maƙwabcinsa Dakta Sirajuddeen a jami'ar da ke wajen Kalgo.

"Kana kusa da gidan Dakta?"

"Ga ni ƙofar gidan. Lahiya?"

"Ya miƙe zai gabatar da takardarsa, ya yi bisimilla, ya ce a ba shi ruwa. Kafin a kawo ya zauna. Likita ya duba, rai ya yi halinsa. Muna hanya da shi."

Abdulgani ya yi innalillahi, ƙafarsa na kan keken ɗinki. Rigar da ke ƙarƙashin allurar ta Dakta ce, wadda ya ce zai sa ranar da aka tabbatar masa da kujerar farfesa. Da safen nan ma ya leƙo shagon da jakarsa a hannu.

"Tela, in ka ɓata min wuyan rigar ga, sai kotu."

"Wace kotu, lauyan bishiya? Ta darbejiya?"

Dakta ya yi dariya ya shiga mota. Ko tari bai yi ba.

Dokar muhalli yake koyarwa. Shekarun baya ya bi mai unguwa da dattawan wannan sashe na Gwandu gida-gida, har suka yi alkawarin ba wanda zai ƙara sare bishiya a kurmin bayan maƙabarta, ko don girki ko don kabari. Maimakon itacen da ake jerawa a bakin kabari kafin a sa laka, aka koma tukwanen ƙasa da ake rabawa biyu. Shi da kansa yake sa wata maginiya a Dodoru ta gina su, yana tarawa a wata rumfa cikin maƙabarta. A kan wannan alkawari ya rubuta takardar da ya je gabatarwa: cewa abin da unguwa ta yarda da shi ya fi dokar da aka aiko daga sama ƙarko.

Da Abdulgani ya isa maƙabarta ya tarar an fara haƙa. Rumfar ba komai sai ɓaraguzai. An ƙarar da tukwanen a jana'izar makon jiya, Dakta ya ce zai aika Dodoru in ya dawo daga Kalgo. Ba wanda ya taɓa tunanin ɗaukar wannan aiki a madadinsa.

Ya kira maginiyar. Ta ce ruwan sama ya hana ta gashi, duk ɗanyu ne.

Sai ga Kabiru, ƙanen mamacin, da gatari a kafaɗa, idanunsa jawur. Ya nufi kurmin.

"Kabiru, dakata."

"In dakata mi? Ga gawa tahe."

"In munka sare don shi, gobe wa za mu hana?"

"Yayana ne, Malam Abdulgani. Ba ni barin a zuba mai ƙasa ga huska don darbejiya. Ita tana raye, shi ya tahi."

Masu haƙa suka tsaya suna saurare. Abdulgani ya san cikinsu akwai waɗanda suka binne iyayensu ba su taɓa ko reshe ba, don alkawarin.

"Ba ni lokaci su gama haƙa," in ji shi. "In ban dawo da komai ba, ni zan riƙe ma reshen."

Kabiru ya dasa gatarin a ƙasa.

Abdulgani ya koma unguwa neman tukwanen ƙasa. Gidajen da ya shiga duk robobi ne da jarkoki. A zauren gidan Dakta ya tsaya bayan labule, ya sa tasa matar, Indo, ta kira masa matar mamacin, Halima Sadiya. Ya yi mata ta'aziyya, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Izinin sara ya zo nema.

"Kun sare?" ta tambaya. Muryarta a dashe take, amma ba ta rawa.

"Tukuna."

Ya ji tafiyarta ta koma ciki. Can sai ya ji ana tuttular da ruwa a tsakar gida, aka daɗe ana yi. Indo da wasu mata suka fito suna mirgino randuna, manya, baƙaƙe don tsufa, har yanzu da sanyi a jikinsu.

"Na innata ne, da su anka kawo ni gidan ga," in ji Halima Sadiya daga bayan labule. "A bi su a hankali, a raba biyu, kar a farfasa. Haka yake cewa kullum."

Kabiru ne ya raba su da kansa, yana ƙwanƙwasa bakin gatari a hankali kewaye da cikin kowace randa har ta buɗe. Bayan la'asar aka yi sallah. Malaman jami'a suka tsaya sahu ɗaya da manoma, takalmansu duk laka. Aka kifa ɓarin randunan a jere, suka rufe kabarin daidai. Iska na kaɗa ganyen kurmin a bayansu.

Da aka dawo, Abdulgani ya shiga zauren don ɗauko tabarmin zaman makoki. An ɗage labulen. A gindin katanga, inda randunan suka yi shekara da shekaru, sai zagayen danshi a kan yashi, da moɗa a kife kusa da su.