Ɗan Tagwayen da Hannunsa Ba Ya Rawa

Tagwaye ne, kamarsu ɗaya sak, har suka haura sittin mutane ba su daina rikita su ba. Wanda ya riga fitowa duniya ake ce wa Babba, mai aski ne. Ɗayan kuwa Ƙarami, shi ke tuƙa motar ma'aikata a wani kamfanin yin kwalabe. Ciwo ne ya zo ya raba kamannin. Hannun Babba na dama ya soma karkarwa, tun yana ɓoye shi a aljihu har ta kai ya rufe shago, don ba mai miƙa wuyansa ga aska tana rawa. Tafiyarsa ta koma jan ƙafa, fuskarsa ta daskare kamar mai fushi ko da dariya yake yi. Yanzu daga nesa ake gane wane ne wane.

Ƙarami ne ke kai shi asibiti, amma bai taɓa shiga ba. Sai ya sauke Babba da 'yarsa a bakin ƙofa, ya je ya faka, ya hau goge gilashin da ba ƙura. Ran nan yana cikin gugar sai ga yarinyar ta sauko.

"Baba Ƙarami, Likita na son ganinka."

"Ni? Lafiyata ƙalau."

"Ai shi ya sa take nemanka."

Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba, ofishinta cike da takardu har kan kujerar baƙi. Ta kwashe su ta ba shi wuri. Ta ce bincike suke yi. A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyi masu fitar da sinadarin da ke daidaita motsin jiki, in suka fara mutuwa sai karkarwa ta biyo baya. Masu haɗa sinadarai na asibitin sun samar da wani sabon ruwan allura da ke zuwa ya manne wa ƙwayoyin, ya riƙa fitar da ɗan haske da ido ba ya gani amma na'ura na gani. Suna fatan zai nuna ciwon tun hannu bai fara rawa ba.

"Tagwaye irinku zinariya ne a wurinmu, Baba," in ji ta. "Jini ɗaya, halitta ɗaya, ɗaya ya kamu ɗaya bai kamu ba. In muka jera hotunanku za mu ga inda hanya ta rabu. Amma ba dole ba ne. Kuma in ka yarda, kai za ka zaɓa, a faɗa maka abin da aka gani ko a bar shi a wurinmu."

Babba na zaune a gefe, hannunsa na kaɗawa a kan gwiwa. Ƙarami bai dubi hannun ba. Ya ce, "Ai ba komai, a yi," da sauri, kamar mai son a bar maganar.

Tun daga ranar zama ya gagare shi. In fitilar hanya ta tsayar da shi sai ya saki sitiyari ya miƙe yatsunsa yana kallo, har na baya su yi masa hon. In an kawo masa shayi ba ya sha sai ya ɗaga kofin ya ƙura wa saman ruwan ido, ya ga ko yana motsi. Yana motsi kuwa, don ba hannun da ke tsayawa cak, amma shi bai san iyakar motsin mai lafiya ba. Ya sauke labulen falo ya sake ratayewa. Ya kwance fankar ɗaki wai tana ƙara, ya ɗaura, ta fara ƙarar da gaske.

Matarsa ta gaji. "Baban yara, wai me ke cin ka? Ka zama kamar kaza mai neman wurin ƙwai."

"Ba komai."

"Ba komai ne ya sa ka ɗauki allurata kana zura zare kana zarewa? Ɗinki za ka koma?"

Ya ajiye allurar ya fita. Ya zaga unguwa a ƙafa, ya dawo, ya sake fita. Da ranar ɗaukar hoton ta matso ya buga waya ya ce an ba shi aikin kai ma'aikata wani wuri. Aka ɗaga. Da sabuwar ranar ta matso ya ɗauki wayar zai sake, sai ga kiran Babba ya riga shi.

"Ƙarami," muryar ta yi ƙasa kamar yadda ciwon ya mai da ita, "in tsoron allura kake ji ka faɗa, in riƙe maka hannu. Sai dai ka san riƙon nawa da jijjiga."

"Wa ya ce maka tsoro nake ji?"

"Ciki ɗaya muka kwanta. Tun a can kake shure-shure."

Ranar suka isa da safe, ba wanda ya karya, haka aka umarce su. Sashen yana can ƙasan ginin, ba taga, sai dogon baranda mai fitilu farare da kujerun roba a jere. Babba ya zauna, ya ɗaga kai ya dubi ƙeyar ɗan'uwansa.

"Wa ya yi maka wannan askin?"

"Wani ne a bakin kamfani."

"Da almakashin yankan kwali ya yi? Dubi gefen nan, kamar ɓera ya ci."

'Yar Babba ta yi dariya. Ƙarami bai yi ba, yana tsaye yana karanta wata sanarwa a bango a karo na ba adadi, bai kuma riƙe ko kalma ɗaya ba.

Can sai ga wani mutum cikin farar riga yana turo ɗan keke, a kai wata tukunyar dalma ƙarama wadda ya ɗaga da hannu biyu yana nishi. Shi ne mai haɗa sinadarin. Ya gaishe su, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya yi murmushi. Ya ce tun asuba suke kan aikin a ɗakin gwaje-gwaje, kuma ruwan ba ya ajiyuwa. "Kamar ƙanƙara ne a rana. Tun daga lokacin da muka gama shi yake rage ƙarfi. Zuwa azahar ya zama ruwan banza. Saboda haka Baba na farko, bismilla."

Aka shiga da Babba, 'yarsa ta bi shi da takalmansa a hannu. Ƙofa ta rufe.

Ƙarami ya kai ƙarshen barandar ya dawo. Ya zauna, kujerar ta yi masa tauri, ya miƙe. Ya leƙa ta gilashin ƙofa bai ga komai ba sai labule. Ya ce bari ya sha iska. Ƙafarsa ta hau da shi matakala, ta ratsa da shi ta gaban kantin magani, ta fitar da shi filin ajiye motoci. Bai san lokacin da ya shiga mota ya tayar ba. Ya sa giyar baya, ya cire. Ya kashe, ya sake tayarwa. Ya kunna rediyo ana maganar ƙwallo, ya kashe. A ransa yana cewa mutum na zaune lafiya da abincinsa da aikinsa, don me zai je a tono masa abin da Allah ya rufe? Wata zuciyar ta ce, in kuma yana nan fa, kana ɗauke da ma'aikata cike da mota? Rana ta yi sama, motar ta ɗau zafi, shi bai tafi ba bai kuma fito ba.

A madubin gefe ya hango shi. Babba ne ya fito daga ƙofar asibiti shi kaɗai, da auduga manne a gwiwar hannu, yana ratsa filin. Ƙarami ya daɗe yana kai shi yana ɗauko shi, amma kullum idonsa na kan hanya ko kan gilashi. Yau ba inda zai kai idon. Ya ga yadda ƙafar ke liƙewa a ƙasa kafin ta yarda ta ɗagu, yadda jikin ke rinjaya gaba kamar zai riga ƙafafun, yadda ya tsaya cak a gaban wani ɗan tudun siminti yana shawara da shi. Fuskar kuwa tasa ce, har tabon gira da suka samu rana ɗaya a faɗuwar keke. Filin ba wani faɗi gare shi ba, amma sai da Babba ya ci lokaci kafin ya kama murfin motar ya zauna yana haki.

"In gida za ka, mu je," in ji shi.

Ƙarami ya riƙe sitiyari, bai sa giya ba.

"Ka san wa ya faɗa mini nawa ciwon? Ba likita ba. Wani kwastoma ne, na sa masa kumfa na ɗora aska, sai ya riƙe mini hannu ya ce, Malam, bari, na fasa. A gaban mutane. Ya fita da kumfar a fuska." Babba ya gyara zama. "Ni nawa ya riga ya zo, hoton nan ba abin da zai ƙara mini. Kai kuwa in akwai, gara ka ji a ɗaki, daga bakin wadda ta san abin da take faɗa. In babu, ka bar matarka ta huta da gyaran fanka."

"Ita ta gaya maka?"

"Duk dangi sun sani."

Ƙarami ya kashe motar. Suka koma tare, a takun Babba, shi yana ta son ya yi gaba yana danne kansa. A bakin matakala suka ci karo da mai haɗa sinadari yana duba agogo. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Da sauran ƙarfinsa, amma mu hanzarta."

Allurar ba ta fi cizon sauro ba. Kwanciyar ce aiki. Aka shimfiɗe shi a wani siririn gado, aka tallafe kansa da soso ta kowane gefe, gadon ya zura shi cikin bakin na'urar mai kama da ƙaton zobe. Aka ce kada ya motsa. Nan take hancinsa ya fara ƙaiƙayi, sai ƙafa, sai tari ya taso. Ya ji yatsansa na dama ya yi ɗan tsalle.

"Baba, ka motsa kai," in ji ma'aikaciyar ta lasifika. "Za mu maimaita wannan. Yayanka fa ko gezau bai yi ba."

"Shi ya saba," in ji Ƙarami.

"Kada ka yi magana, Baba."

Kafin su tafi Likita ta tambaye shi zaɓinsa. Ya ce a faɗa masa. A mota ya ce da ma bai ce ba. Da suka isa gida ya ce gara da ya ce.

Sakamakon ya ɗauki makonni, don sai an aika hotunan wasu masana sun auna. A makonnin nan ya rame har sai da ya ƙara huda a bel ɗinsa. Ranar da aka kira su ya shiga ofishin da ƙafarsa, ba a aiko kowa ba.

Likita ta juyo musu da fuskar kwamfuta. Hotuna biyu a jere, kowanne da ɗigo biyu masu haske a tsakiya, kamar ƙwayar wake mai 'yar wutsiya. A na Babba, ɗaya ya kusa mutuwa, ɗayan ya dushe. A na Ƙarami duka biyun na ci, jawur.

Ya saki numfashi. Amma Likita ta kai bakin biro kan ɗigonsa na hagu.

"Ka ga wutsiyar nan? Ta ɗan fi ta dama dushewa. Kaɗan ne ƙwarai. Da tsohuwar allura aka yi da ba za a gani ba sam."

"To ina da shi ke nan."

"Ban ce ba."

"Ba ni da shi."

"Shi ma ban ce ba, Baba. Yana iya zama farkon abu, yana iya zama haka aka halicce ka, yana iya zama tsufa kawai. Allurar sabuwa ce, ba mu tara mutanen da za mu san ma'anar ɗan wannan bambanci ba tukuna. Da mun sani da ba mu kira shi bincike ba."

"Ikon Allah," in ji Ƙarami. Ya miƙe, ya ga ba wurin zagaye a ofishin, ya koma ya zauna. "Na zo da tambaya ɗaya, kin ƙara mini biyu. Tuƙi fa?"

Ta sa ya miƙa hannuwa, ya taɓa hanci da yatsa, ya tafi bakin ƙofa ya dawo. Ta ce ya yi tuƙinsa, ba abin da ya hana. Sai dai tana roƙon ya dawo baɗi a sake ɗauka, da baɗin baɗi, a ga ko wutsiyar na nan yadda take. Kuma in ya ga wani canji kafin nan, kada ya tsaya gwaji a gida, ya zo.

"Zai zo," in ji Babba. "Ni zan kawo shi."

A hanya Ƙarami ya yi ta tambaya, abin da bai taɓa yi ba: da wane yatsa ya fara, da safe ya fi ko da yamma, maganin na sa jiri? Babba na amsawa ɗaya bayan ɗaya, har ya gaji ya ce, "Kai, ka bar wasu sai gobe, ka wuce kwanar gidana."

Da ya koma gida matarsa na tsakar gida tana wanki. Ta tsame hannu ta tsaya tana dubansa. Ya faɗa mata duka, yadda aka faɗa masa, bai rage ba bai ƙara ba. Ta saurara har ya gama.

"To yanzu me za mu yi?"

"Wai a jira baɗi."

Ta goge hannu a zani. "Kai da jira, sai dai Allah ya ba mu haƙuri. Tunda hannun naka lafiya yake yau, famfon bayan gida na yoyo."

Ya shiga ya ɗauko sifana. Kafin ta gama shanya ya kwance famfon gaba ɗaya, ya baje sassansa a ƙasa, yana kiranta ta zo ta nuna masa inda ake rufe ruwan gidan.