Layin da Ya Durƙusa a Gidan Yaya

Sau biyu ma'aikatan muhalli suna zuwa unguwar da majigi da lasifika, sau biyun kuma da ihu aka raka su. Su suka ja wa kansu. Ka tara mutanen da suka rufe shagunansu suka zo, sannan ka tsaya kana nuna musu ƙanƙara tana narkewa a wata uwa duniya, mutanen da ba su san ƙanƙara ba sai ta firji, ita ma sai an kawo wuta. Sauyin yanayi, ɗumamar duniya, aka yi ta jero manyan kalmomi har wani ya wurgo takalmi.

A karo na uku mace ɗaya ce ta dawo, wadda 'yan unguwa suka laƙaba wa Mai Taswira. Ba ta tara kowa ba. Rumfar Mai Fenti ta nufa, ta same shi yana rubuta allon wani shagon aski.

"Magana ta ƙi shiga," in ji ta. "Layi nake so ka ja mini."

Ta yi masa bayanin da ya fi na majigi sau goma. Duniya ta ƙara zafi, sama tana ɗaukar ruwa fiye da da, tana kuma sauke shi lokaci guda. Ruwan da aka saba samu cikin wata yana iya zuba a yini ɗaya, kwalbatin unguwar kuwa ba za ta iya haɗiye shi ba. Ita za ta auna ta sa alamar alli a kowane bango, shi kuma ya bi da shuɗin fenti, kowa ya ga inda ruwa zai kai a jikin ɗakinsa.

Ya karɓi aikin, kuma tun ranar farko ya gane ya ɗebo wa kansa. A saman titi layin a idon sawu yake, sai dariya da tsokana. Da ya fara gangarowa layin ya hau gwiwa, ya hau ƙugu, dariya ta ƙare. Wani mai shago ya watsa masa ruwan wanke kwanuka a ƙafa. Wata tsohuwa ta ce fatan tsiya yake musu, shi da uwargijiyarsa mai taswira. Wanda ya fi kowa zafi shi ne Magini, da hannunsa ya ɗora rabin gidajen titin, yana ganin kowane layi zagi ne ga aikinsa.

"Kai da ko bulo ba ka taɓa ɗorawa ba, kai za ka gaya mini inda ruwa zai tsaya?" in ji shi. "Allah ya sauwaƙe!"

Mai Fenti ya shanye duk wannan. Abin da ke ci masa rai yana can ƙasan titi: gidan yayarsa. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta saya masa burushinsa na farko, har yau makullin gidanta na aljihunsa, yana shiga ba sallama. Shekara biyu tana neman mai sayen gidan don ta koma kusa da ɗanta, sai a wannan makon aka dace, wata mai ɗinki ta nuna tana so. Alamar allin Mai Taswira kuwa tana nan a bangon, daidai ƙirjin mutum.

Yaya ta tare shi a ƙofa, hannu a ƙugu.

"Auta, in ka ja mini wannan abin a nan, wa zai sayi gidan? Faɗa mini, wa?"

"Yaya, ba ni na auna ba."

"Amma kai ke riƙe da burushi. Ni na sa maka shi a hannu, ko ka manta?"

Bai manta ba. Ya goge allin da gefen rigarsa, ya durƙusa, ya ja layin a gwiwa. Kunya ta kama shi, sai ya lallashi kansa da cewa titi ba a miƙe yake ba, layin dama hawa da sauka yake, ba mai lura.

Washegari da hantsi mai ɗinkin ta zo sake duba gida, yana nan yana wanke burushi. Mace ce mai sanyin magana. Ta tsaya gaban layin, ta gwada shi da tef ɗin da ke wuyanta, ta yi murmushi.

"Kai ka ja wannan? Allah ya saka. Kowa zagin ka yake, ni kuwa ka taimake ni. Mamata ba ta tashi, shekara uku tana kwance. Zan sa a ɗora gadonta kan bulo uku, ya wuce layin. Ko ina shago ruwa ya zo, hankalina a kwance."

Yaya ta harare shi ta bayan matar, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da wanke burushinsa.

Magini ne ya tona asirin, ba don son gaskiya ba, don ƙiyayya. Da azahar ya zo da siririn tiyon nan mai haske da magina ke cika wa ruwa su daidaita gini. Ya kira jama'a. Ya sa mai shago ya riƙe baki ɗaya a layin gidan maƙwabci, shi kuma ya kai ɗaya bakin jikin bangon Yaya. Ruwan cikin tiyo ya hau, ya wuce layin gwiwa, ya tsaya cak a ƙirji.

"Ku gani da idonku!" in ji Magini. "Ruwa ba ya durƙusa wa kowa, amma layin Mai Fenti ya durƙusa wa yayarsa. Mu da ba mu goye shi ba, mu ne za mu nutse!"

Ai kuwa titi ya ɗauka. Munafuki, maci amana, ɗan kwangila, babu sunan da bai sha ba. Mutane dama neman dalili suke, ga shi an ba su a hannu: tunda layi ɗaya ƙarya ne, duka ƙarya ne. Kafin la'asar an fito da wuƙaƙe da soson ƙarfe, kowa yana kankare bangonsa. Mai Taswira ta iso, ta dubi shuɗin garin fenti a ƙasa, ta dube shi.

"Wata huɗu ina neman abin da za su yarda da shi," ta ce. Ta juya ta tafi.

Ba zagin ne ya fi damunsa ba, ba kuma maganar Mai Taswira ba. Bulo uku ne suka tsaya masa a rai. Ya san tsayin bulo, ya san inda katifa za ta tsaya, ya kuma san inda ruwan tiyo ya tsaya. Mai ɗinkin tana shagonta a wata unguwa, ba ta ji komai ba, gobe za ta zo a ƙulla ciniki.

Ya ɗauki gwangwanin fentinsa ya tsaya gaban Magini.

"Ara mini tiyon."

"Ka yi me da shi? Ni ban yarda da ruwanku ba."

"Ban ce ka yarda ba."

Magini ya yi tsaki, ya tofar da yawu. "Ba na ba da aron kayan aiki. Mu je in riƙe. Ƙarya ce, amma ba za a ja ta a karkace a titina ba."

A bangon maƙwabci sauran ɗan shuɗi bai gama fita ba, daga nan suka ɗauko awo. Jama'a suka sake taruwa, ana yi masa eho. Yaya ta fito, ta jingina bayanta da bangon, daidai inda burushi zai bi.

"Auta, kar ka soma."

"Tsohuwar ba ta tafiya, Yaya."

"Ni ma na kusa daina tafiya. A gidan nan kake so in ƙare?"

Ya san gaskiya ta faɗa. Duk da haka ya ja layin daga kusurwa har kafaɗarta ta dama, ya ɗaga burushi, ya zagaya ta gabanta, ya ci gaba daga kafaɗarta ta hagu. Gajeriya ce Yaya. Layin da ke ƙirjin kowa, ita a wuyanta ya bi.

Ihun ya mutu. Wanda ke kankare bango a tsallaken titi ya tsaya da wuƙa a hannu, yana duban ta, yana duban 'yarsa da ke wasa a dokin ƙofa.

Yaya ta matsa daga bangon, ta waiwaya ta kalli gurbin da jikinta ya bari a tsakiyar layin. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙa masa tafin hannu.

"Ka gama?"

"Na gama, Yaya."

"To kawo makullina."