Hasumiyar da Ɗalibi Ba Ya Hawa

Saverio Palamara, mai aski daga wani ƙauye a kudu, ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Pisa da kwali a hammata: man zaitun, cuku, da barkono a kwalba. Ɗansa Ilario na jiransa a bakin ƙofa. Shekara ta nawa ke nan yaron yana karatun likita, Saverio ya daina ƙirgawa tun rasuwar matarsa. Ita ce mai lissafin, ita ce kuma mai nemo uzuri.

"Sannu da hanya, Baba. Ka rame."

"Kai kuma ka yi ƙiba. Ashe littafi na da maiƙo."

Ilario ya yi dariya ya miƙa hannu zai karɓi kwalin. Hannun rigarsa ya ja baya, sai ga tabon ƙuna a jere, sabo kan tsoho. Wanda ya tsufa yana kallon fatar mutane ba ya buƙatar kallo na biyu. Saverio ya sakar masa kwalin.

Suka ajiye kwalin a shagon wani abokin Ilario, wai ana fenti a ɗakin da yaron ke kwana. Suka haye gadar kogin Arno, suka bi ƙarƙashin rumfunan duwatsu, yaron yana ta zuba kamar rediyo: wannan majami'a kaza, wancan fada kaza. A ƙofar jami'a suka hango wata yarinya da kambin ganye a ka, ta kammala yau, ƙawayenta suna watsa mata gari suna rera mata waƙar tsiya. Ilario ya karkata zuwa wani lungu.

"Nan ya fi kusa."

"Bara ba nan ya fi kusa ba. Ko garin ne ya juya?"

A filin karkatacciyar hasumiyar garin baƙi sun cika ciyawa, kowa ya ɗaga tafi yana tura iska ana ɗaukarsa hoto.

"Dubi shashashai," in ji Saverio. "Abu ya karkace tun zamanin kakanni, kowa na riya shi ke tallafe da shi."

Duk garin an san ɗalibi ba ya hawa hasumiyar nan sai ya kammala. Wanda ya hau, shi da kambin ganye sai dai ya gani a kan wani. Kowa na cewa camfi ne, babu kuma mai hawa. Duk zuwan da suka yi a baya, marigayiya ce ke hawa ita kaɗai, Ilario yana ƙasa yana ɗaga mata hannu, ko ƙofar ba ya yarda ya kusanta.

Saverio ya shiga layi, ya dawo da tikiti biyu.

"Biyu, Baba?"

"Gwiwata ba ta da amana. Amma in akwai abin da zai hana ka, tsaya abinka. Ba na rasa wata Bajamushiya ta riƙe ni."

Ya bar masa mafita, ya tsaya yana roƙo a zuci yaron ya ƙi hawa. Ko da yaron zai yi tsaki, ya ce tsohon ya haukace, duk ya yarda.

Ilario ya kalli tikitin, ya kalli ƙasa. "Mu je, Baba."

Matakalar ta lotse a tsakiya saboda ƙafafun mutane, ginin yana jefa mai hawa bango zuwa bango. Ilario na gaba yana waiwaye. Saverio bai kama hannun da ake miƙo masa ba ko sau ɗaya.

A sama iska na kaɗawa a tsakanin ƙararrawa. Ilario ya fara nuni: ga maƙabarta, ga duwatsu, can kuma inda haske ke ƙyalli teku ne.

"Na ga maƙabarta," in ji Saverio. "Nuna mini asibiti, Likita."

Yaron ya sauke hannu.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Mama ta kwanta. Jarrabawa ɗaya ce ta kayar da ni, na sake, ta sake kayar da ni. Sai na fara jin amai da na hango ƙofar ajin."

"Yanzu fa?"

"Ina bakin tanda a wani gidan abinci. Wainar garin wake nake gasawa. Ana layi a kanta, wallahi."

"Ana layi a bayan gida ma."

"Baba!"

"Mamanka ta sani?"

"Ta sani. Ita ta ce kada in faɗa maka."

Wannan ce ta shige shi, ba ta farkon ba. Ya kama ƙarfen shinge. Ashe yana aske ƙeyar mutane yana cika musu kunne da ɗansa likita, matar da ke wanke tawul a bayan shago tana ji, ba ta taɓa ɗaga kai ba. Ta tafi da abinta kabari, ta bar shi yana ta wa'azi.

"Me ya sa ba ka tambaye ni kai tsaye ba?" in ji Ilario. "Sai ka jawo mu har nan da gwiwarka?"

"Da na tambaya ƙarya za ka yi, ni kuma in yarda. Mun ƙware, ni da kai."

"Ai na gane abin da tikitin yake nufi. Shi ya sa na hau."

"Madalla. Ka ci jarrabawa ɗaya ke nan."

Wayar Saverio ta yi ƙara a aljihu. Nicodemo ne, mai sayar da nama kusa da shagonsa, muryarsa har ma'aikacin hasumiya yana ji.

"Uban Likita! Ka isa lafiya? Ka tambaye shi maganar ƙugun nan nawa? Ba ni shi mu gaisa!"

Saverio ya riƙe wayar kamar garwashi. Sai ya miƙa wa ɗansa.

"Ungo. Amsa masa da bakinka. Ni na gaji da yi maka."

Ya juya ya nufi matakala, yana lalubar bango.