Dami Bakwai a Fangali Ɗaya

Muhsina ce ta kawo itacen. Ita ce ta huɗu a 'ya'yan Malam Dalhatu, ta yi karatun aikin gona, tana aiki a Gaya da wata ƙungiya mai koya wa manoma dabaru. Wata Asabar ta iso ƙauyensu da ke bayan Ajingi, riƙe da ɗanyun rassa naɗe a jiƙaƙƙen buhu.

"Baba, ka dasa waɗannan a gefen lambu. In sun girma ka sare ganyen ka binne a fangali. Taki ne, ba sai ka jira na buhu ba."

Ta faɗi sunan itacen, bai zauna masa a baki ba. Mai-rawaya ya riƙa ce masa daga baya, da ya ga furen.

Bazarar farko rabin dashen ya bushe. Sauran ya raya su da guga, kullum sai ya shayar da su kafin ya waiwayi albasarsa. Da damina ta sauka suka tashi suka wuce tsayin mutum, suka cika da fure rawaya, har masu wucewa kasuwa kan tsaya kallo. Ko da rani ba sa kaɗe ganye, muddin gindin na samun danshi.

Muhsina ba ta yi ƙarya ba, albasar ta yi kai. Abin da ba ta faɗa ba shi ne aikin. Sai ya sare da lauje, ya ɗaure, ya ɗauko a ka har ƙarshen lambu, ya daddatsa, ya binne da fartanya. Fangali ɗaya kan ci dami bakwai, bayan mako biyu kuma ka tona ba ka ga komai ba. Fangalinsa goma sha shida ne, shekarunsa sittin da uku, 'ya'yansa maza duk suna Kano. Ga ɗacin ganyen da ke kama hannu, ko ya wanke da sabulu sai ya ji shi a lomar tuwo.

"Malam, wannan ciyawa za ta gama da bayanka," in ji matarsa Rahmatu, tana shafa masa man zafi. "Ka gaya wa yarinyar nan mana."

"Ta ɗora rai a kai. Bar ta."

A shekara ta uku Muhsina ta zo da manyanta biyu na wurin aiki da manoma kusan ashirin daga ƙauyen Balan, a nuna musu lambun. Aka ɗauki hoton furen, aka ɗauki na albasar. Sannan aka ce Malam ya yi bayani.

Ya daɗe tsaye, hannu a ƙugu. Tun safe bayan ke sukarsa.

"Yana aiki," ya ce. "Ga albasa nan kuna gani. Amma wanda ba shi da mataimaki kada ya fara. Ni dai na gaji. Wallahi na gaji."

Wani manomi ya yi dariya, ɗaya daga cikin manyan ya rufe littafinsa. Muhsina ta sunkuyar da kai.

Da baƙin suka tafi ba ta bi su ba. Ta same shi zaune a bakin rijiya.

"Baba, da ka gaya min tun tuni. A gaban mutane fa."

"Tambayata aka yi, 'yar nan."

Ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta ɗauki lauje. Dami na farko ta kai shi da sauri. Na uku sai da ta sauke a hanya. A na huɗu ta zauna a kan damin tana haki, tana kallon tafin hannunta da ya yi bororo.

"Saura uku," ya ce mata daga inda yake. "Na fangali ɗaya ke nan."

"A takardar da aka koyar da mu ba a rubuta nisan ba," ta ce a hankali.

Sati na gaba ta dawo da igiya, suka auna. Suka dasa sababbin rassa a tsakanin fangalai huɗu na kusa da rijiya, yadda zai sare ya zubar nan take, ba ɗauka. Sauran goma sha biyun ya koma zuba musu kashin awaki, duk abin da ya samu. Tsohon shingen mai-rawayar kuwa ya bar wa maƙwabcinsa Zubair, ya sara in yana so. Zubair ya sara sau biyu, bai sake dawowa ba.

Manoman Balan mutum uku ne suka karɓi dashe. Albasar Malam ta ɗan ragu a wannan shekarar. Bayansa bai warke ba, amma ya daina yin sallah a zaune.